Cimakar masu ɗauke da ƙwayar cutar sida: abin da ke hana tukunya sauyawa

A shekara ta 1987 ne aka tabbatar da mutum na farko mai cutar sida a ƙasar Nijar. A wancan zamani, wanda likita ya faɗa wa wannan labari sai ya koma gida ya jira kwanansa, domin babu magani. Daga shekara ta 2004 al'amarin ya sake. Hukuma ta soma raba magungunan da ke danne ƙwayar cutar kyauta, da farko a birnin Yamai, daga baya a manyan gidajen likita na jihohi. Binciken ƙasa na shekara ta 2006 ya nuna mutum 7 cikin 1000 ne ke ɗauke da ƙwayar, a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. Na shekara ta 2012 ya nuna mutum 4 cikin 1000. Yau wanda yake shan maganinsa kullum yana noma, yana kasuwa, yana aure, yana tsufa kamar kowa.

Amma magani ba shi aiki a cikin jikin da babu abin gina shi. Ma'aikatan kiwon lafiya sun daɗe da lura cewa mutum biyu za su karɓi ƙwayar magani iri ɗaya a rana ɗaya, bayan wata shida guda ya murmure, guda kuma yana nan yana ramewa. Sau da yawa bambancin yana cikin akushi.

A shekara ta 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babban mutum mai ɗauke da ƙwayar, ko da bai kwanta ciwo ba, yana bukatar ƙarin ƙarfin abinci kashi 10 cikin 100 bisa na mai lafiya. In ciwo ya bayyana, bukatar tana hawa zuwa kashi 20 ko 30 cikin 100. Dalili shi ne jiki yana cikin kokowa dare da rana, hanji kuma yana rauni, ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata. In tamowa ta shigo, garkuwar jiki ta ƙara faɗuwa, sai tarin fuka da zawo su samu ƙofa. Su kuma su kashe sha'awar abinci, ramar ta ƙaru.

Yawan abinci kaɗai bai warware wannan ba. Hatsi abinci ne mai daraja, yana ba da ƙarfi, yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Amma akwai abubuwan da babu su a cikinsa ko kaɗan, akwai waɗanda ke ciki ƙalilan: bitamin A mai kare ido da fata da hanji, bitamin C, da bitamin B12 wanda sai a nono da ƙwai da nama da kifi ake samun sa. Mutum yana iya cika cikinsa da tuwo har ya kasa tashi, jikinsa kuwa yana jin yunwar waɗannan.

Yadda ake ƙidaya

A shekara ta 2016 Hukumar Abinci da Noma ta Duniya ta fitar da wani ma'auni mai sauƙi. An tsara shi domin mata masu shekara 15 zuwa 49, amma masu bincike suna aiki da irinsa wajen auna cimakar manya masu ɗauke da ƙwayar sida. An kasa abinci gida 10. Hatsi, dawa, masara, shinkafa, alkama, rogo da dankali duk gida ɗaya ne. Wake gidansa dabam, gujiya da riɗi gidansu dabam. Nono da cuku gida ne, nama da kifi gida ne, ƙwai gida ne shi kaɗai. Sai ganye mai duhun kore kamar zogala da rama, sai masu jan ciki kamar kabewa, karoti da nunannen mangwaro, sai sauran kayan garka, sai sauran ƴaƴan itace. Ana tambayar mutum abin da ya ci daga safiyar jiya zuwa safiyar yau. Wanda ya taɓa gida 5 ko fiye, ana sa ran jikinsa ya samu abin da yake bukata. Akwai sharaɗi guda: abin da bai kai giram 15 ba, wato kimanin cikin babban cokali, ba a ƙidaya shi.

Wannan sharaɗi shi ke tona asirin tukunya. A ɗauki wuni guda a wani ƙauye na jihar Maraɗi ko ta Damagaram cikin watan Mayu. Da safe ɗumamen tuwo. Da rana fura, wadda aka dama da ruwa domin nono ya yi tsada. Da dare tuwo da miyar kuka. Garin kukar da aka barbaɗa cikin tukunyar mutum goma, da ƴar daudawa da barkono, rabon kowa bai kai cikin cokali ba. An ci abinci sau uku, an taɓa gida ɗaya tak.

Ma'aikacin birni kada ya yi saurin jin tausayin baƙauye. Burodi da shayi da safe, shinkafa da rana, maka da dare: wannan ma gida ɗaya ne, sai dai ya fi tsada.

Lokacin shekara

Babu abin da ke juya cimakar mutanen kudancin Nijar kamar lokaci. Da kaka, rumbu ya cika, ga wake, ga gujiya, ga kabewa da yakuwa, ga fara tana cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Da ɗari kayan garka suna saukowa: albasar Galmi, shu, salati, tumatir da karoti daga Jiratawa, Mirriya, Ƙonni da bakin kogin Kwara. A waɗannan watanni ko talaka yana iya taɓa gida 4 ko 5 ba da wahala ba. Daga watan Maris rijiyoyi su ja baya, garake su bushe, bisashe su rame, nono ya ƙafe. Mangwaro ne kaɗai ke rufa asiri a bazara.

Damina tana da fuska biyu. Ita ce lokacin da rumbu ya ƙare, tiyar hatsi ta yi tsada, aikin gona ya yi nauyi, zazzaɓin cizon sauro ya yawaita. Ita ce kuma lokacin da daji ke ba da ganye kyauta: tafasa, rama, lalo, yaɗiya. Shanu sun samu ciyawa, nono ya dawo, zabi suna zuba ƙwai. Abin mamaki, a wata na takwas mutum yana iya samun abinci iri-iri fiye da watan Mayu, amma yawansa ya kasa. Mai ɗauke da ƙwayar sida kuwa yana bukatar duka biyu. Maganin da yake sha, in ya soma aiki, yana buɗe ciki. Wanda ya ji yunwa tana cin sa, babu abin sawa a baki, wani lokaci sai ya ajiye maganin da nufin ya koma kansa bayan girbi. Wannan babban haɗari ne. Tsallake magani shi ke ba ƙwayar cutar damar sabawa da shi, har ya daina yi mata komai. Maganin da aka fi bayarwa yanzu ana iya shan sa ko an ci abinci ko ba a ci ba, saboda haka rashin kalaci ba dalilin ajiye shi ba ne.

Kuɗi

Magani kyauta ne, amma kuɗin mota zuwa gidan likita ba kyauta ba ne, haka ma wunin da aka rasa na aiki. Gidan da mai nema ya yi wata uku a kwance ya riga ya sayar da akuya, ya ci bashi. In hatsi ya yi tsada, kamar yadda aka gani a shekara ta 2005 da ta 2010, ko kayan kasuwa suka hau, kamar lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da lokacin takunkumin 2023 zuwa farkon 2024, mai gida ba ya soma rage tuwo. Mahaɗin miya yake soma yankewa: nama, mai, nono, kifi. Yana da hujja, domin yaro mai kuka da yunwa tuwo ke sa shi barci. Amma abin da aka yanke ɗin shi ne ainihin abin da majinyaci yake nema.

Akwai kuma abin da ya kamata magabata su duba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya, amma mafi yawansa buhu-buhu yake ƙetare iyaka. Manomi yana ɗaukar wake, gujiya, kaza da ƙwan zabi a matsayin kuɗi. Yana kai su kasuwa ya sayo hatsi, ko ya biya bashi, ko ya yi hidimar biki. Ta haka gida mai noma abinci gida biyar yake cin gida ɗaya. In an ware tiya kaɗan na wake tun da kaka, aka adana su cikin buhu mai hana iska shiga domin kada ƙwari su ci, to ɗan wake da ƙosai da shinkafa da wake ba za su yanke ba har damina.

Wa ke riƙe da ludayi

A yawancin gidaje mai gida ne ke buɗe rumbu ya auna hatsin wuni. Abin da zai shiga miya kuwa sau da yawa daga hannun mace yake fitowa, daga ribar ƙuli-ƙuli, ko fura, ko kiwon akuyarta. Saboda haka in mace ta kwanta, ko sana'arta ta mutu, miyar gidan gaba ɗaya ce ta mutu. Matar da aka ji tana da ƙwayar sida, in mai sayar da abinci ce, masu saye suna gudun ta. Wadda mijinta ya rasu ta koma gidan iyaye da yaranta, a matsayin ƙarin baki take zaune, ba ta da bakin cewa a sa mata ƙwai. Namiji yana da wata dama da mace ba ta da ita: yana iya tsayawa wurin mai tsire ko mai shayi da ƙwai kafin ya shigo gida. Amma ɗan ci-rani da ke kwana a tasha, shi garin rogo da sukari ne abincinsa wata da watanni.

A nan ne ake zuwa ga abin da ya fi kowane nauyi, wato ɓoyo. A ƙasar Hausa ba a cin abinci a keɓe. Maza suna haɗa hannu cikin akushi ɗaya, mata cikin ƙwarya ɗaya. Wanda likita ya ce masa ya riƙa cin abinci sau huɗu ko biyar a wuni, ya ƙara da nono da ganye, in bai faɗa wa kowa halin da yake ciki ba, ta ina zai soma? Matar da ke zaune da kishiya, in ta dafa wa kanta ƙwai biyu, kafin la'asar an tambaye ta ciwon me take yi. Mai gidan da ya sayo kifi ya ci shi kaɗai, an ce ya yi rowa. Da yawa sun gwammace su ci abin da kowa ya ci, su yi shiru. Har taimakon abinci ma akwai masu ƙin karɓa, domin buhun da aka ɗauko daga ƙofar likita shaida ne, unguwa duka za ta gani.

Dokar ƙasa ta shekara ta 2007, da wadda ta maye gurbinta a 2015, sun hana nuna wa mai ɗauke da ƙwayar bambanci. Amma doka ba ta zama bakin murhu. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne ƙwayar sida ba ta bin akushi, ba ta bin moɗa ko ludayi, ba ta bin abincin da mai ɗauke da ita ya dafa. Ware wa mutum kwanonsa zalunci ne marar amfani. Tun da kuwa ba a raba kwano, shawarar da ta dace da zaman gidajen ƙasar nan ita ce a gyara tukunyar gidan duka. In an ƙara wake cikin abincin rana, an yi kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli, an dama fura da nono, kowa ya amfana, mai ciki da yaro da tsoho, babu kuma wanda asirinsa ya tonu.

Jikin da ba ya karɓar abinci

Wani lokaci abinci yana nan, jiki ne ke ƙi. Farin ƙurajen baki da maƙogwaro suna sa haɗiya ta zama azaba. Tashin zuciya da zawo suna zuwa a makonnin farko na shan magani. Baƙin ciki ma yana kashe yunwa, musamman ga wanda bai daɗe da jin sakamakon awon jininsa ba. Duk waɗannan suna da magani, a kai su gaban likita da wuri. Kafin nan, a ba majinyaci abu mai laushi kaɗan-kaɗan, sau da yawa: kunu da aka dama da gujiya, faten wake, dafaffiyar kabewa, ayaba. A rage barkono da tsami in baki yana ciwo.

Tsabta tana da muhimmanci ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Ɗanyar madara a tafasa ta, domin tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka ta shanu. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa magani. Salati da tumatir a wanke su da ruwa mai tsabta, nama da ƙwai su dahu sarai.

Tun shekara ta 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita wani magani mai suna dolutegravir. Yana da ƙarfi, wahalarsa kaɗan ce, amma yana da ƙa'ida: ƙwayoyin ƙarin jini, da na ƙarin ƙarfin ƙashi, da wasu magungunan ƙwannafi suna riƙe shi cikin hanji su rage amfaninsa. Mai shan su ya gaya wa likita domin a tsara masa lokaci. An kuma lura wasu masu shan sa suna yin ƙiba, musamman mata. A inda aka daɗe ana ganin rama ita ce alamar sida, ƙiba abin murna ce. Amma ƙibar shinkafa da mai da lemun kwalba ba lafiya ba ce, hanyar hawan jini ce da ciwon sukari.

Sani

Binciken da aka yi a gidajen likita na ƙasar Habasha ya yi ta maimaita abu guda: masu sana'a ko abin shiga, da waɗanda aka zauna aka yi wa bayani game da abinci, sun fi cin abinci iri-iri. Bayanin ma sai ya dace da wurin. Hoton da aka manna a bango mai nuna tufa da inabi da madarar gwangwani ba ya koya wa matar ƙauye komai, sai dai ya sa ta ɗauka abinci mai gina jiki na masu albashi ne. Alhali goriba, magarya, kanya, aduwa da garin ƴaƴan kuka suna bayan gari. Fara da awara da busasshen kifi suna iya tsayawa inda nama ya gagara.

Akwai al'adun da ke rage tukunya. A wasu wurare ana hana mai ciki da yaro cin ƙwai. Wasu suna ganin ganye abincin fari ne, cin sa a bainar jama'a tonon asiri ne. Masu shan shayi mai ƙarfi nan take bayan abinci ba su san yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe ba. In an jinkirta shi awa ɗaya ko biyu, ko an matsa lemun tsami a kwaɗo, jini ya fi samun rabonsa. Game da zogala kuma sai an yi magana a fili. Ganye ne mai albarka, ya cancanci shiga abinci kullum. Amma ba ya kashe ƙwayar sida. Duk mai tallar da ya ce a ajiye maganin likita a koma garin ganyensa, kabari yake haƙa wa mai saye.

Abin da aka gwada

A cibiyar kula da masu sida ta birnin Yamai an gwada ba majinyatan da suka galabaita abinci na tsawon watanni, rabon da aka auna domin iyali duka. Sakamakon da aka buga a shekara ta 2010 ya nuna waɗanda suka samu wannan taimako sun fi riƙe shan magani, mace-mace kuma sun ragu a cikinsu. Hikimar tana wurin auna rabon da iyali, domin abincin da aka ba uwa ita kaɗai cikin bakin yaranta zai ƙare.

A yammacin ƙasar Kenya an bi wata hanya. An ba manoma masu ɗauke da ƙwayar rancen sayen famfon ban-ruwa da iri da taki, da horo. Sakamakon da ya fito a shekara ta 2022 ya nuna ƙarancin cimaka ya ragu a gidajensu, damuwa ma ta ragu. Wajen danne ƙwayar cuta a jini ba a ga bambanci da sauran ba, domin kusan kowa a ɓangarorin biyu maganinsa yana aiki.

Nijar ba baƙuwar wannan hanya ba ce. Tun bayan farin 1984 hukuma ta ɗora jama'a bisa noman rani. A jihar Maraɗi ne aka kafa asusun Mata Masu Dubara a shekara ta 1991, wanda ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Jar akuyar Maraɗi tana haihuwar tagwaye, tana ba da nono a lokacin da saniya ta ƙafe. Masu ɗauke da ƙwayar kuma suna da haɗin gwiwar ƙungiyoyinsu na ƙasa, RENIP+, waɗanda suka san gidajen da ke cikin matsi. Abin da ya rage ga hakimai, magadan gari da shugabannin gidajen likita shi ne haɗa waɗannan da juna: a ba su fegi cikin garkar gari, a sa su cikin asusu da rabon awaki tare da sauran mabukata, ba tare da an kafa allo mai sunan cutar ba. A gidan likita kuma, ranar karɓar magani, bayan an ɗora mutum bisa sikeli, malamin asibiti yana iya tambayar sa abin da ya ci jiya, ya ƙidaya gidajen da yatsu, ya rubuta adadin kusa da nauyin. Tambayar ba ta cin minti biyu, kuma a watan Mayu da na Agusta ne aka fi bukatar amsarta.